ECOWAS, AES, Tsarin Tafkin Chadi ko Shiri Tsakanin Maƙwabta: Wanne Mutanen Iyakar Kebbi Za Su Nema?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samarin wata ƙungiya ta garinmu suka same ni a zaure da takarda rabi a rubuce. Buƙatunsu kan tsaron iyaka suke so su miƙa wa ɗan majalisarmu. Sun yi gaisuwa, sun jero ɓarnar 'yan bindigar Lakurawa tun daga harin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, inda aka kashe mutum 15, amma da aka zo kan abin da za su nema sai alƙalami ya tsaya. Rabinsu na cewa a matsa wa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta fito da rundunar ko-ta-kwanan da take ta alkawari. Sauran suka ce ECOWAS ta gama yayi, Najeriya ta nemi su Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ta shiga AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. Ɗaya daga cikinsu da ya yi bautar ƙasa a Maiduguri ya ce shi abin da ya gani a Borno, wato rundunar haɗin gwiwar Tafkin Chadi, ya fi kwanta masa.

"Malam, ku raba mana gardama," in ji shugabansu.

Na ce su fara duba taswira. Kebbi na taɓa ƙasa biyu. Daga Kamba ka miƙa sai Gaya ta Nijar, ka haye gadar Kwara sai Malanville ta Benin. Ta ɓangaren Bagudo kuwa, Tsamiya da Lolo da Illo Benin suke kallo. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, maƙwabcinmu ɗaya yana ciki, ɗaya yana waje. Duk wanda zai ba mu shawara bai fara daga nan ba, shawarar Abuja yake ba mu.

Mudun da za mu auna da shi

Abu huɗu na ba su. Na farko kuɗi: wa ke biya, kuma daga wane aljihu. Na biyu ƙarko: in shugaba ya faɗi ko ya yi fushi, tsarin zai kwana? Na uku sauri, kuma a nan nake so a daɗe. Idan ɓarayi suka kora shanu daga ƙaramar hukumar Arewa ko ta Dandi da tsakar dare suka nufi ƙasar Dosso ta Nijar, sa hannun mutum nawa ake jira kafin soja ya bi sawu ya ƙetare iyaka, ko kafin jandarman can ya tare gaba? Wannan izinin bin sawu shi ne zuciyar maganar, sauran duk ado ne. Na huɗu haɗari: ran da manya suka ɓata, me ke faɗowa kan talaka, kuma ina zai kai ƙara.

ECOWAS

Ita ce babbar yaya. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975 don kasuwanci, tsaro daga baya ya shigo. Akwai yarjejeniyar 1978 ta hana kai wa juna hari, da ta 1981 ta taimakon juna, amma ginshiƙin da ake aiki da shi yau shi ne wanda aka sa wa hannu a Lome a 1999. Shugabannin ƙasashe ne a sama. Ƙarƙashinsu akwai kwamitin sulhu da tsaro, wanda ke iya yanke hukunci da rinjayen kashi biyu cikin uku. Hafsoshin tsaro su tsara yadda za a yi aikin, hukumar da ke Abuja ta riƙe takardu. A 2001 aka ƙara yarjejeniyar Dakar wadda ta haramta karɓar mulki da bindiga.

Ta yi aiki, kada a ci mata zarafi. Rundunarta ta ECOMOG ta shiga Laberiya a 1990, ta mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. A Janairun 2017 Yahya Jammeh ya bar Gambiya ne da ya ga sojojin ƙungiyar sun shigo. Sai dai ku lura da irin aikin: rikicin kujera ne a babban birni. Ba a gina ta don mutum talatin kan babura a dajin da ke tsakanin Kangiwa da Dogon Dutsi ba.

Kuɗinta na fitowa daga harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, kuma Najeriya ce mai babban kaso. Na yaƙi kuwa daban ne. Obasanjo ya taɓa cewa Najeriya ta kashe kimanin dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. A Yunin 2024 ministocin tsaro da na kuɗi suka zauna a Abuja, lissafi ya nuna runduna mai soja 5,000 za ta ci dala biliyan 2.6 duk shekara, ƙarama mai 1,650 kuma kusan dala miliyan 481. Tun kafin nan, a taron Wagadugu na 2019, an yi alkawarin dala biliyan 1 don yaƙi da ta'addanci. Mu dai a nan ba mu ga ƙurar motarsu ba.

Abin da samarin ba su sani ba shi ne rundunar ko-ta-kwana ba ta da bariki guda da take kwana. Kowace ƙasa na riƙe da sojanta, alkawari kawai ta yi cewa za ta bayar in an kira. Ko Tarayyar Turai mai kuɗi haka take fama: tun 2007 take da bataliyoyin gaggawa masu soja kusan 1,500 kowace, ba a taɓa tura ko ɗaya fagen daga ba, domin sai kowa ya yarda, kuma wanda ya tura yaransa shi ke ɗaukar mafi yawan kuɗin. A gida ma akwai wani mataki. Sashe na 5 na tsarin mulkinmu ya ce sai da yardar Majalisar Dattawa ake tura soja yaƙi waje, kuma mun ga yadda sanatoci suka ja wa Tinubu birki kan tura soja Nijar a Agustan 2023.

Ƙarko kam tana da shi, shekara 50 ba wasa ba. Tana da abin da sauran ba su da shi, wato kotu a Abuja da mutum ɗaya zai iya kai gwamnatinsa. A 2008 Hadijatou Mani, baiwar Allah daga Nijar, ta yi nasara a can kan gwamnatin ƙasarta da ta kasa kare ta daga bauta, aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Yau ɗan Nijar ya rasa wannan ƙofa. Amma ƙorafin samari ma gaskiya ne: a 2015 aka kawo shawarar taƙaita mulki ga wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. Alpha Condé na Gini ya yi tazarce a 2020, ƙungiyar ba ta ɗaga murya ba sai da soja suka ɗauke shi.

Haɗarinta kuwa mun ɗanɗana da bakinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ba Nijar wa'adin mako guda, aka rufe boda, aka yanke wutar da ke bi ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Wani kawuna ya yi lodin albasar Aliero za ta Ghana ta hanyar Gaya, tirelar ta maƙale a Kamba. Na je na same shi a gindin motar, ruwan albasa na ɗiga daga ƙasan bodi, ƙudaje sun yi baƙi, yaran mota na zazzage buhu suna tsintar wadda ba ta ruɓe ba suna shanyawa kan tamfol. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, doka ce daga sama." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ban yi ma kowa juyin mulki ba. Albasar ga ma ba ta yi ba." Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, boda ta buɗe daga ɓangarenmu a Maris. Bazoum da aka hamɓarar bai koma kujera ba, Kawu bai mayar da jarinsa ba, sintirin haɗin gwiwa da sojan Nijar kuma ya tsaya. Hedikwatar tsaro da kanta ta faɗa a Nuwamban 2024 cewa Lakurawa sun samu shiga ne ta giɓin da ya biyo bayan juyin mulkin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

AES

Na gane abin da ke jan hankalin yara. Ranar 16 ga Satumban 2023 Goita na Mali da Traore na Burkina da Tiani na Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gourma: wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ranar 6 ga Yulin 2024 a Yamai suka mayar da ita tarayya. A Janairun 2025 ministan tsaron Nijar, Salifou Mody, ya sanar da runduna guda mai soja 5,000. Wajen sauri babu kamarsu, mutum uku ne, ba majalisar da za ta ja musu birki. Kuma sun gano abin da ECOWAS ta daɗe ba ta gano ba, cewa mai bindiga ba ya tsayawa a shingen duwan, don haka sojan da ke binsa ma bai kamata ya tsaya ba. Wannan na yaba musu.

Kuɗi daga aljihunsu ne. Sun sa nasu harajin kashi 0.5 cikin 100 a Maris na 2025, Nijar kuma tana da asusun ceton ƙasa da ake cira har daga katin waya. Akwai mutunci a cikin haka, akwai kuma nauyi kan talakan da ke cikin mafi ƙarancin samu a duniya. Faransa ta kwashe sojanta daga Nijar a Disamban 2023, Amurka ta bar Agadas a 2024, Rasha ta shigo, ita ma ba sadaka take yi ba.

Ƙarko ne ban yarda da shi ba tukuna. Ginin ya tsaya kan mutum uku da duk bindiga ta kawo su, kowanne ya ƙara wa kansa shekara biyar, a Nijar da Mali an rusa jam'iyyu. Ran da wani kanar ya tashi da nasa ra'ayin a ɗaya daga cikin biranen uku, wa zai riƙe yarjejeniyar? Sakamakon ma a duba. A Maris na 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita da ke jihar Tillaberi. Daga Satumban 2025 mayaƙan JNIM, masu alaƙa da Al-Ƙa'ida, suka riƙa ƙona tankokin mai a hanyoyin Bamako har layin gidan mai ya gagari mutane.

Sannan maganar shiga. Ba wanda ya gayyaci Najeriya. A Disamban 2024 Tiani ya fito da Hausa ya zargi Abuja da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Ƙasar da hedikwatar ECOWAS ke cikinta ba za ta tattara ta koma gidan da aka gina don gudun ECOWAS ba. Ko da an yi, idon rundunar yana kan mahaɗar iyakokin ƙasashen uku, can yamma da Yamai, nesa da Kamba. Wanda ya rubuta wa ɗan majalisa "a shiga AES" ya ɓata tawadarsa. Wanda ya rubuta "a yi aiki da AES" ya faɗi abin da zai yiwu.

Tsarin Tafkin Chadi

Yaron da ya zauna Maiduguri ya fi su gani. Rundunar haɗin gwiwa ta MNJTF ta faro ne a 1994 a matsayin ta Najeriya kaɗai, Chadi da Nijar suka shigo a 1998. Da Boko Haram ta ci hedikwatarta a Baga a Janairun 2015 aka sake ɗinka ta, Tarayyar Afirka ta sa albarka, hedikwata ta koma Njamena, Kamaru da Benin suka shigo, adadin soja ya doshi 10,000. An raba ta shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a Nijar. Kwamanda kullum ɗan Najeriya ne.

Abin lura a nan: Chadi da Kamaru ba 'yan ECOWAS ba ne, kuma hakan bai hana komai ba. Da Idriss Deby na Chadi ya rasu a Afrilun 2021 ɗansa Mahamat ya hau da kakin soja, ba wanda ya kori Chadi daga rundunar. Ba ta tambayar yadda ka hau mulki, maƙiyi ɗaya da daji ɗaya ne suka haɗa ku. Gidan da ta fake a ciki ma na ruwa ne, Hukumar Tafkin Chadi ta 1964. Mu ma muna da irinsa. Hukumar Kogin Neja na zaune a Yamai da ƙasashe tara, Najeriya da Nijar da Benin duk suna ciki. Aikinta ruwa ne, kamar yadda aikin waccan yake kafin wuta ta kama. Ga kuma dandalin gwamnonin yankin tafkin da ya fara zama a Maiduguri a 2018, inda gwamnan Borno ke zama da na Diffa ba sai an bi ta Abuja ba. Me zai hana Kebbi da Sakkwato da Dosso da Tawa na Nijar da Alibori ta Benin su samu irin wannan?

Kuɗinta tsaka-tsaki ne, domin kowa na ciyar da sojansa a ƙasarsa, hedikwata da manyan farmaki ne ake haɗa hannu. Buhari ya yi alkawarin dala miliyan 100 a 2015, Turai ta sa yuro miliyan 50 ta hannun Tarayyar Afirka, kayan suka riƙa zuwa a makare. A nan sai a tuna da G5 Sahel, ƙawancen ƙasashen Sahel biyar: runduna mai soja 5,000 a 2017, alkawarin masu ba da agaji sama da yuro miliyan 400 a 2018, Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina a Disamban 2023, aka naɗe tabarma. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Rauninta a fili yake. Mahamat Deby ya yi barazanar janyewa bayan an kashe masa soja kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024, Nijar kuwa ta fice a Maris na 2025. Kuma kafa irinta na cin shekaru, ga Yamai da Kwatano ba sa ga maciji, har gadar Gaya da Malanville ta daɗe a rufe daga ɓangaren Nijar.

Shiri tsakanin maƙwabta biyu

Wannan ba shi da tuta ko taken ƙasa, shi ya sa samari ba su kawo shi ba. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar a Yamai. A Agustan 2024 Janar Christopher Musa, hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je can ya sa hannu da takwaransa na Nijar Janar Moussa Salaou Barmou kan komawa aiki tare, a Afrilun 2025 ministan waje Yusuf Tuggar ya bi baya. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da takwaransu a Maraɗi. Kuma a tuna, lokacin da Tiani ke ƙin ganin jakadu a Agustan 2023, Muhammadu Sanusi II na Kano da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau sun gan shi ido da ido.

Arha ne: man mota, rediyon oba-oba, lambar wayar kwamandan can a aljihun na nan. Sauri ma babu na biyunsa in ana shiri. Amma igiyar ƙarama ce, hira ɗaya a talabijin na iya tsinka ta, kuma sai Najeriya ta riƙe igiya biyu daban, ɗaya da Nijar ɗaya da Benin, dajin W da ke tsakaninsu ya zama na kowa da kowa. Sojan Benin 54 aka kashe a wannan yanki a Afrilun 2025.

| Ma'auni | ECOWAS | AES | Irin na Tafkin Chadi | Maƙwabta biyu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai tsada ƙwarai, Najeriya ke ɗaukar kaso mafi girma | Aljihun talakawansu | Tsaka-tsaki, da jiran agaji | Arha |
| Ƙarko | Shekara 50, ta rasa ƙasa uku | Sabuwa, kan mutum uku | Ta jure sauyin gwamnati, Nijar ta fice | Ya danganta da shirin shugabanni |
| Sauri | Taro kan taro | Nan take, a cikinsu | Da sauri bayan an kafa | Kiran waya |
| Bin sawu cikin Nijar | Babu | Najeriya ba ta ciki | Sai Nijar ta yarda ta shiga | Zai yiwu in an rubuta |
| Haɗari | Takunkumi da rufe boda | Ba majalisa, ba wurin ƙara | Memba na iya ficewa | Tsinkewa dare ɗaya |

Kowa da buƙatarsa

Ɗan Zamfara ya rage buri kan duk huɗun. Ɓarayin dajin Zurmi da Shinkafi da Maru 'yan gida ne, maganinsu na hannun rundunar Fansan Yamma da ke Gusau da gwamnatocinmu. Abin da maƙwabci zai yi masa shi ne toshe hanyar makamai da kasuwar shanun sata ta ɓangaren Maraɗi, wannan kuwa aikin shiri tsakanin maƙwabta ne.

Ɗan kasuwa irin Kawu, mai kai kaya Ghana da Togo, ya riƙe ECOWAS da hannu biyu, domin yarjejeniyar 1979 ce ta ba shi kwana 90 ba biza. Abin da zai nema a rubuce shi ne kada a sake sa abinci da magani da wuta cikin takunkumi. Haka mai tsoron soja su dawo mulki, ko mai son wurin kai gwamnati ƙara, ba shi da wata rumfa sai ita.

Mai gona ko garke a Arewa, Dandi da Augie, wanda damuwarsa daren yau ce, ya nemi a dawo da sintirin haɗin gwiwa da Nijar, da izinin bin sawu a rubuce, da adadin kilomitan da aka yarda a shiga, da zaman gwamnan Kebbi da na Dosso a kai a kai tare da sarakuna. Mutumin Bagudo ya nemi irin wannan da Benin.

Wanda ke hangen shekara goma, ɗalibi ne ko ɗan majalisa, ya sa ƙarfinsa kan runduna ta ƙasa uku irin ta Tafkin Chadi, mai shiyya a Kebbi da Dosso da Alibori, da kuɗinta cikin kasafin ƙasashen tun ranar farko. Mai ƙaunar AES kuma a nan zai yi amfani, domin sai an samu masu jin maganar Yamai kafin Nijar ta zauna teburi ɗaya da Benin.

Samarin sun sa sintiri da bin sawu a sakin layi na farko, rundunar ƙasa uku a na biyu, maganar takunkumi a na uku. Biyu daga cikinsu sun ƙi sa hannu sai an ambaci AES da suna, aka ƙara layi ɗaya cewa a tura wakili Yamai.